Gwiwar Ragon Layya

Bana ni kaɗai na feɗe ragon layya, yara duk suna Kano wajen nema. Da wuƙa ta iso gwiwa sai hannuna ya tsaya, na tuna kawuna da ya koya mini kokowa a garin Yekuwa.

Ba ya bari a cire ƙafar rago sai ya tara 'yan kokowarsa. Kitse na ƙyalli a yatsunsa, ƙaurin babbaka ya cika gida, sai ya yi ta lanƙwasa gaɓar. "Ku duba, waje ɗaya take zuwa. Taku ma haka, ta abokin karawarku ma haka. Ƙasa ake kai mutum, ba wajen mai ɗori ba."

Wata shekara da kaka, a filin kokowar garin Dogo-Dogo, sai na kama ƙafar wani saurayi, gwiwarsa ta karkace a hannuna. Ganga na tashi, mutanenmu na ihu in murɗe. Na ji jijiyar ta miƙe kamar igiyar guga, sai na saki, ya kayar da ni. Muna komawa gida a amalanke kowa na hararata. Kawu ya dafa wuyana ya ce, "Gobe yaron nan zai shiga gona da ƙafarsa."

Na lanƙwasa gwiwar ragon, na ɗaga kai in yi bayani, ba kowa a tsakar gida sai kaji.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya tausasa maka ƙasar da kake kwance, kai da ba ka taɓa yarda a karya ɗan wani ba.