Yaya Rifkatu da Wayar da Ta Yarda da "Da Sauƙi"

Shekara biyar ke nan da muka binne yayata Rifkatu, wadda mutanen unguwar Romi suka fi sani da Mama Nas. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, amma majinyata ba su yarda ta huta ba, ita ma ba ta yarda su huta ba. Ni ƙanenta ne, tsohon malamin makaranta a unguwar Trikania, kuma na daɗe ina bin alƙalamina da lallashi kada ya taɓo wannan magana.

Yaya ba ta taɓa yarda da amsar gaisuwa ba. Ta san mu. A nan, mutum zai kwana yana nishi, da safe ka ce masa yaya jiki, ya ce da sauƙi. In kuwa ya ƙoshi da wa'azi, sai ya ƙara da cewa ciwo ba rabonsa ba ne, bakinsa ba zai furta shi ba. Ita sai ta ja kujera ta zauna, ta tambaye shi labarin gonar ƙauye, tana sauraron inda numfashi ke yanke masa zance. Labarin zuciya, in ji ta, a tambayi fuska. In ta gama, ba ta da sirri: matarka za ta ji, Fasto zai ji, giyar da kake sha a ɓoye ma za ta shiga lissafi. Shi ya sa dattawan cocinmu suka girmama ta kamar yadda ake girmama karen maƙwabci, daga nesa.

Sai ga korona, aka kulle gari. Cikin 'yan makonni kowa ya sauke manhajar lafiya a wayarsa. Na ji masu ilimi a rediyo suna cewa wayewa ce ta zo mana. Wayewa! Ni da na yi shekaru ina duba takardun jarrabawa na san bambancin ɗalibin da ke son darasi da wanda ya gano malamin da ba ya duba aiki. Mun rungumi manhaja ne saboda tsoron motar asibiti ta tsaya a ƙofar gida, unguwa ta daina sayen ƙosan matarka. Mun rungume ta saboda 'ya'yanmu na Legas da Abuja sun ga hanya ce ta kula da iyaye ba tare da sun hau mota ba. Fiye da komai, mun samu nas mai ladabi. Ta tambaye ka kana tari, ka danna a'a, ta gode maka, ta ba ka koren maki. Ba ta san matarka ba. Wani dattijo a Sabon Tasha ya rantse mini cewa tasa tana auna hawan jini in ya ɗora babban yatsa a kan gilashin, kuma tun da ya fara bai taɓa faɗuwa ba, kamar dai jarrabawa ce.

Kada mai karatu ya ɗauka ina tsaye a kan tudu nake jifa. Ni na sa wa Yaya tata manhajar, da hannuna, bisa roƙon ɗanta. Irin wadda ke tura wa dangi sakamako kowace safiya ce. Ta karɓi wayar kamar an miƙa mata mushen ɓera. "Malam," haka take kirana in za ta yi mini ba'a, "wannan abin yana da kunne?" Na ce yana da lissafi. Ta ce to, in zai sa mu bar ta ta sha iska, ta yarda.

Kwana tara koren maki yana shigo mini. Nakan kalle shi ina shan shayi, in ji na sauke nauyin zumunci. Tsakanin Trikania da Romi ba tafiyar kwana ba ce; a ranakun da ake buɗe gari don cefane na je kasuwa har sau biyu. Ban ƙarasa wurinta ba. Ko kiran waya na taƙaita, don me za a dami mai lafiya? Rana ta goma wata 'yar Zumuntar Mata ta coci ta kai mata miya, ta same ta ba ta iya haɗa kalma uku. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, da wata maganar ake yi. Macen da ba ta taɓa yarda da "da sauƙin" kowa ba, ta danna nata don kada ta ɗaga mana hankali, mu kuma muka karɓa hannu bibbiyu. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Me za ta ce da ta ga yau? Annoba ta wuce, manhajoji sun hayayyafa. Akwai mai ƙirga taku, akwai mai tuna maka shan ruwa, kamar Allah bai halicci ƙishirwa ba. Dattawan da ba su taɓa ƙarasa maganin zazzaɓi ba suna nuna wa juna agogon da ke auna bugun zuciya a harabar coci. Ina jin ba za ta zagi wayar ba. Za ta ce injin ya yi aikinsa, an tambaye mu, mu muka yi ƙarya, sannan muka ɗauki ƙaryar muka tura wa juna a matsayin gaisuwa.

Ba ta bar gida mai bene ba, ba a sa wa ko lungu sunanta ba. Abin da ta bari, ina ganin, shi ne rashin kunyar nan nata, kuma ni na gaje shi a makare. Watan jiya abokina Bulus ya yi Lahadi biyu bai zo sujada ba, kullum yana turo mini hoton sakamakonsa. Na hau keke napep na same shi a Sabon Tasha. Ya ce da sauƙi, waya ma ta shaida. Na ce wa matarsa, a gabansa, ta ɗauko masa riga. Ya kira ni ɗan shisshigi tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti, inda suka riƙe shi mako guda.

Har yau ba ya amsa gaisuwata. Kowace Lahadi yakan wuce ni a bakin coci, ya ɗauke kai, yana tafiya da ƙafafunsa.