Matar da ta ƙi faɗin sunan Habibu

Ni dai tun ina yarinya ban taɓa yarda cewa tatsuniyoyin Iya Habi na banza ba ne. Kakarmu ce ta wajen uba, a Burumburum take, kuma duk hutun makaranta Babanmu kan ɗauko ni daga Tiga ya kai ni wurinta. Da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhu, tana juya ragowar garwashi da kara, tana gasa mana masara. Amma na lura duk wanda ya yi ɓarna da rana, da yamma sai ya ji kansa a bakin Iya, an mai da shi biri ko ɓera. Shi ya sa in ta gyara murya nake fara duba kaina tukuna.

Ana gobe matan gidan za su tafi biki Kafin Maiyaki, ta zauna tana kallona ni kaɗai. Ba mu gama cewa ta zo mu ji ba ta riga ta shiga labari.

Wai Barewa ce za ta je kiwo nesa, ta bar wa babbar 'yarta ƙannenta. Rana na yin tsaka sai ga Kura ta yafa zane, ta tsaya a ƙofa tana kashe murya, wai ita goggonsu ce, a miƙo mata yaran ta yi musu wanka. Babbar ta ce, to Goggo, kira su da sunansu su fito. Kura ta leƙa, miyau na zuba, ta ce, "Mai ƙiba, taho. Mai taushi, biyo shi." Nan take 'yar Barewa ta danno ƙyaure ta tokare.

"Kin ji ko, Rabi?" in ji Iya. "Naka ya san sunanka. Wanda bai sani ba, ko da zuma ya zo, kada ki ba shi ɗan mutane."

Da safe aka watse, aka bar ni da yara huɗu da tukunyar ɗumame. Mazan duk suna gona. Wanda bai yi reno ba bai san wahala ba. Na raba faɗa, na share majina, na ƙwace ƙasa daga bakin wannan, na ciro wancan daga akurkin kaji. Mafi ƙiriniyarsu Habibu ne, ɗan Baffa Sale, wanda aka kawo wa Iya tun yaye bayan auren iyayensa ya mutu. Uwarsa ban taɓa ganinta ba, a gidan ma ba a zancenta a gabanmu.

Bayan azahar na ji sallama a zaure. Wata doguwar mace ce, fara, da ƙwarya a ka, ƙafafunta duk taɓo. Ta tambayi Iya, na ce ba ta nan. Ta tambayi matan gida, na ce duk sun tafi biki. Ina rufe baki na yi da-na-sanin faɗa, don idonta ba a kaina yake ba, yana can tsakar gida inda yaran ke wasa.

"'Yar nan, ɗan miƙo min wancan mai jar riga in gan shi."

"Wa ke nan, Inna? Yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai ta yi ɗan murmushi. "Wancan dai. Na wajen Iya."

"Ai duk na wajen Iya ne. Ki faɗi sunansa."

Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce daga wajen Doguwa take, ta sha hanya, in yi mata rai. Ta kwance bakin zane ta fito da alewa. Ina ganin alewar nan na ce shi ke nan, Kura ce da kanta. Na kora yaran ɗakin Iya, na saki labule, na ɗauko taɓarya na zauna a bakin ƙofa.

Ba ta matso ba. Ta zauna a dakalin zaure inda take iya hango ƙasan labulen, tana kallon 'yan ƙafafu suna kai da komo. Da la'asar ta yi sanyi ta miƙe, ta ce motar garinsu za ta wuce ta. Ta ajiye ƙwaryar ta tafi. Ban taɓa ƙwaryar ba, don na tabbata an yi mata wani abu.

Iya na dawowa na tare ta da labari, ina jiran yabo. Ta buɗe ƙwaryar. Man shanu ne, da ɗan takalmin roba a ƙulle cikin leda. Ta daɗe tana juya takalmin a hannu.

"Wayyo Hajo," ta ce. "Uwarsa ce, Rabi. Ɗan farinta ne. Ko wuƙa kika sa mata a wuya ba za ta kama sunan nan ba."

Haushi ya kama ni, na fashe da kuka. Na ce ai ita ta ce wanda bai faɗi suna ba kada in ba shi.

"Na ce. Kin kuma yi daidai, yarana huɗu na bari, huɗu na tarar. Ni ce ban ƙarasa miki ba. Ɓarauniya da ta zo da shiri, ai tun daga bakin hanya za ta tambayi sunan, ta rangaɗa miki shi."

Ranar ba a yi tatsuniya ba. Iya ta gwada wa Habibu takalmin a gefen murhu, ya yi masa kaɗan. Hajo kuwa ba ta sake samun zuwa ba sai da ya isa shiga makaranta.

Na daɗe ina jin haushin matar, ina cewa mene ne a cikin suna da mutum zai sha wannan tafiya ya koma hannu rabbana. Sai da na haifi 'yata ta fari, muka je rigakafi da surukata, ma'aikaciyar ta ɗago kai ta ce, "Sunan yarinya?" Ni na san sunan fiye da kowa a wurin, amma harshena ya yi nauyi, sai surukata ce ta faɗa. A kan bencin nan na tuna da Hajo a dakalin Iya, tana leƙen ƙasan labule tana neman ƙafar ɗanta, ni kuma ina riƙe da taɓarya.