Zubairu, Ba Rigar Layu Ce Ta Tsare Yayanka Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, ina tsaye gaban allo sai waya ta yi ta motsi cikin aljihuna. Ban saba ɗaukar waya a aji ba, amma da ta ƙi yin shiru sai na fita baranda. Mista Tersoo ne, mai gyaran rediyo a bakin tasha nan Kaura Namoda. Ya ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen su Zubairu da hantsi, sun kashe mutane, kuma Zubairu na cikinsu. Na dafa bango na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da na koma aji na kasa kallon kujerarka, Zubairu. Izinin girbin gero ka ɗauka, ka ce mini za ka dawo kafin jarabawa. Shekararka sha bakwai.

Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, domin mutanensa suna ciki har yanzu. Kuma ba don kuka kawai na ɗauki alƙalami ba. Magana biyu ke yawo daga kasuwar Zurmi zuwa Kasuwar Daji, har Shinkafi. Ta farko, wai littattafan matsafa da kake karantawa ne suka juya maka kai, ka fito gaban bindiga kana jin kanka jarumin labari. Ta biyu, wai yayanka Faruku ya tsira ne saboda rigar layun da ke jikinsa. Ta farko sunanka take ɓatawa. Ta biyu kuwa rayuka za ta ci, domin samari sun fara tururuwa wurin mai maganin da ke yin rigunan. Ni malaminka ne na Turanci, na san ka, kuma na ji yadda abin ya faru daga bakin mahaifiyarka Inna Saude da Faruku kansa.

Kana aji biyu ka fara zuwa mini da wani ƙaton littafi da bayansa ya yage. Daga wurin Mista Tersoo ka samo shi. Ɗansa ya tafi jami'a ya bar kwali guda na irin waɗannan littattafai, masu taswirar ƙasashen da babu su a shafin farko. Ka je kai gyaran rediyon babanka, ka ga kwalin, ka manta da rediyon. Tun daga ranar ban huta ba. Ina cin abinci sai in ji, "Malam, mi ake nufi da wagga kalma?" Ina alwala sai in ga inuwarka tana jira.

Da muka kafa zaman karatu na ranar Alhamis ƙarƙashin dogon yaro, kai ka riƙe shi. Sai ka karanta babi cikin mako, ka zo ka zuba mana shi da Hausa. Allolin littafin, masu sunaye masu karya harshe, ka raɗa musu namu: mai tsawa ya zama Ɗan Zafin Kai, mai mulkin ƙarƙashin ƙasa ya zama Baba Na-Rami. Yaran da ba su taɓa gama shafi guda ba suka riƙa faɗa a kan wa za a ara wa littafi.

Wata rana mahaifinka Malam Ismail ya taho makaranta a kan keke, da littafin naɗe cikin leda, ya riƙe shi da yatsu biyu. Ya ga hoton wani mai ƙaho da sanda a ciki. Na yi ta bayani cewa ƙagaggen labari ne, bai ko dube ni ba. Kai ya sa aka kira, ya tambaye ka alloli nawa ne.

Ka ce, "Guda na, Baba. Waɗanga na takarda yunwa su ka ji, su yi kishi, su sha kashi hannun matansu. Wa zai yi musu sujada? Ko ni na fi su hankali."

Na ga gemunsa ya motsa, yana danne dariya. Ya yarda, bisa sharaɗin ba za ka taɓa littafin ba sai ka biya haddarka, kuma ba za ka ajiye shi kusa da Alƙur'ani ba. Har ka bar duniya ba ka saɓa ba.

Akwai labarin da ka fi so, na wani matsafi da ke kiran ruwan sama. Duk lokacin da ya kira ruwa ga wani gari, sai wata rijiya ta ƙafe a garinsu, shi bai sani ba. Daga nan ka samo tambayarka. Kowane tsafi aka yi cikin littafi sai ka tsayar da karatu ka ce, "To, kan wa abin ya sauka?" Ka ce marubucin da ya san aikinsa ba ya barin wani ya tsira a banza, dole akwai wanda ya ɗauki nauyin.

A daminar bana 'yan bindiga suka iske baffanku Atiku yana noma. Suka ɗaure shi da igiyar jakinsa, suka yanka shi a kan kunya. Faruku na kwance cikin hatsi yana kallo, ya cusa hannu a baki. Tun daga ranar ya daina dariya. Ba na zarginsa. Wanda ya ga abin da ya gani zai kama duk abin da aka miƙa masa.

Abin da aka miƙa masa kuwa wani mai magani ne da ya zo daga wajen iyaka da riguna masu layu jere gaba da baya. Ya tara gari, ya rataya wa bunsuru riga, ya harbe shi da bindigarsa. Hayaƙi ya tashi, bunsuru ya yi tsalle ya ci gaba da cin ƙaiƙayi. Mai maganin ya faɗi sharaɗi: wanda ya sa rigar kada ya duƙa, kada ya juya baya, in ya yi haka maganin ya karye. Kana cikin taron. Ka ɗaga murya cikin ladabi ka ce a sake gwadawa da bindigar wani maharbi na garin, shi ya ɗura ta da hannunsa.

Ba a sake gwadawa ba. Samari suka rufe ka da duka, suna cewa ɗan boko ya zo ya karya musu zuciya. Suka tattake ka cikin ƙasa, wani ya sa maka gindin adda a baki. Faruku ne ya janye ka, amma da kuka isa gida shi ma ya kwaɗa maka mari, ya ce kai da ke kwana da littafin tsafi ba ka da bakin magana. Ka dawo makaranta da leɓe a kumbure, haƙori guda na girgiza. Da na tambaye ka, sai ka yi murmushin da ya sa jini ya sake fitowa.

"Malam, ni da ka karanta tsafi kullum na san inda ake yin shi. Bisa takarda na. Wanga mutum ko labarin bai iya shiryawa ba."

Wannan shi ne yaron da ake cewa littafi ya ruɗe shi.

Ranar Talatar, mutane na kwasar dammunan gero daga gona, sai aka ji ƙarar babura daga gabas. Kafin a gane, sun cika hanya, goye da juna, suna harbi ba tambaya. Wani tsoho da ke ɗaure dami ya faɗi a kan daminsa. Suka cinna wa rumbuna wuta. Inna Saude ta ce ba ta san lokacin da ka fizgo hannunta ba. Ka tura ta cikin gonar dawa da ba a girbe ba, ita da ƙanwarka Hamdiyya da yaran maƙwabta, ka kwantar da su cikin kwarin kunya, ka ce kowa ya sa fuska a ƙasa. Kai ma ka kwanta. Ina so a ji wannan da kyau: ka ɓuya, kamar yadda mai hankali ke yi.

Daga tsakanin karan dawa ka hango bakin rijiya. Samarin rigunan layu sun jeru a fili, da adduna da bindigogin gargajiya, a miƙe, domin an ce kada su duƙa. Harsashi ya riƙa ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Ubaidullahi, abokin Faruku tun suna yara, yana kafaɗa da kafaɗa da shi lokacin da aka fasa masa kai. Jini da ƙwaƙwalwa suka watsu a fuskar Faruku. Faruku ya ce mini tun a lokacin ya san rigar ƙarya ce, amma ƙafafunsa sun ƙi motsi, kuma wani abu a ransa na cewa in ya duƙa shi ke nan.

Inna Saude ta riƙe maka ƙafa. Ka zame. Ka yi rarrafe har bakin gona, sannan ka sheƙa a sunkuye, ka daki yayanka a ƙugu, kuka zube tare, kai a sama. Harbin da aka auna masa ya same ka a baya da wuya. Maharan suka zo, ɗaya ya shure ku da ƙafa, ya ga jini ya rufe ku duka, ya wuce. Faruku ya kwanta ƙarƙashinka yana jin numfashinka na raguwa. Ya ce ka kai baki kunnensa ka ce, "Yaya, kwanta. Kak ka tashi." Daga nan sai kalmar shahada, a hankali, har ta tsaya.

Ajali ne, mun yarda. Allah ne Ya rubuta ranar, Shi ne kuma Ya tsare Faruku. Amma sanadin da Ya yi amfani da shi jikinka ne, ba fatar akuya da zare ba.

Kafin ƙasar kabarinka ta bushe mai maganin ya fara faɗi a kasuwa cewa waɗanda suka mutu sun karya sharaɗi ne, ga Faruku nan ko ƙwarzane babu. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa suna raɗa, suna son ganin rigar. Faruku bai ce wa kowa komai ba. Ba ya ci, ba ya barci.

Ranar addu'ar bakwai muka je ni da Mista Tersoo. Muna zaune a ƙofar gida, wani dattijo ya ce wa Malam Ismail, da niyyar nasiha, ya kamata a ƙona littattafan nan kada su lalata sauran yara, ya kuma gode wa Allah da babban ɗansa ya riƙe magani. Faruku ya miƙe ya shiga gida. Ya fito da rigar, ta bushe ta ƙage da jini kamar ƙirgi, ya shimfiɗa ta a tsakiyar tabarma.

"Ku duba ta da kyau," in ji shi. "Jinin ga duk na Zubairu na. Ubaidu na sanye da irinta. Bai duƙa ba, bai juya ba, ina kusa da shi. Ni na mari yaron ga don ya faɗi gaskiya. In kuna son maganin da ya hana ni mutuwa, ku tai maƙabarta, can munka rufe shi."

Malam Ismail ya tashi ya ɗauki rigar da hannu biyu, ya zagaya bayan gida inda mata ke girkin sadaka, ya cusa ta cikin murhu. Warin fata ya iso har inda muke. Na ga wani saurayi ya sulale bayan danga, ya dawo da abu dunƙule a hammata, babbar rigarsa ta saki. Guda ɗaya na gani. Sauran ban san abin da ke ƙarƙashin tufafinsu ba, kuma na ji mai maganin ya ci kasuwa a wani gari cikin makon nan. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman samarinmu. In an nuna muku wanda ya tsira, ku yi tambayar Zubairu: kan wa abin ya sauka? Neman tsari daga waɗannan azzalumai haƙƙinmu ne, kuma nauyi ne a wuyan hukuma. Amma kada wani ya sake tsayar da 'ya'yanmu a fili kamar bunsurun gwaji.

Da za mu tafi, mahaifinka ya fito da littafin da kake tsakiyar karantawa, da ganyen dawa a inda ka tsaya, ya miƙa wa Mista Tersoo kayansa. Mista Tersoo ya kasa karɓa. Hamdiyya na leƙe daga zaure, idonta na kan littafin. Ashe kullum kana ba ta labarin babi-babi, kun kusa ƙarshe. Malam Ismail ya daɗe yana dubanta, sannan ya miƙa mata, ya ce sai ta biya haddarta tukuna.

Ya Allah, Ka jiƙan Zubairu Ismail, Ka karɓi shahadarsa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa abin da ya haddace na LittafinKa ya zame masa haske. Ka jiƙan Ubaidullahi da baffa Atiku da duk waɗanda aka kashe tare da su. Ka kawo mana ƙarshen wannan zubar da jini a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Ismail da Inna Saude, da Hamdiyya, da Mista Tersoo, da 'yan zaman Alhamis da har yanzu ke barin gurbinka a kan tabarma. Allah Ya ba ku haƙuri mai kyau.

Kai kuma Faruku, ƙanenka ya ce ka kwanta, ka kwanta, ka rayu. Yanzu ka tashi ka ci abinci, ka riƙe iyayenku. Ran da kake ɗauke da shi ba naka ba ne kai kaɗai.

Zubairu, Allah Ya sada mu a Aljanna.

Malam Muhtari, Kaura Namoda