Mesa a Kan Mukayyif

Jama'a, yau saura ƙiris ku ji an kwantar da ni a asibiti, wai don maciji yana neman mace.

Bayan azahar wani kwastomana, Abu Faisal, Bahaushe haifaffen nan Makka, ya kira ni. Wai mukayyif ɗin, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na gyara masa makon jiya yana ƙara. Na je, na kafa tsani, na hau. Sai na ga wani abu mai kauri ya naɗe a saman na'urar. Na ɗauka tiyo ne, na kai hannu. Abin ya ɗago kai ya kalle ni. Mesa ce!

Ban san yadda na sauko ba. Tsanin ya biyo ni, gwiwata ta daki tayil.

Abu Faisal ya shigo da gudu, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Alhamdu lillah, ashe nan yake. Kwana biyu ina nemansa."

Na ce, "Alhaji, ka san da maciji a ɗakin ka bar ni na hau?"

Ya ce, "Malesh ya akhi, yi haƙuri, kiwonsa nake yi, ba ya cizo. Namiji ne, lokacin barbararsa ya yi. In suka ji sanyi sai su ƙi abinci, su yi ta hawa sama. Kai ne ma ka sa mukayyif ɗin sanyi da yawa."

Wato laifina ne.

Ina ɗingishi zan fita ya ce, "Ka duba na ɗaya ɗakin mana. Amma a hankali, macen ma tun safe ba ta cikin akwatinta."

Na bar masa tsanin kyauta.