Turmin Inna

Abu ɗaya nake cewa da ma ban yi ba a rayuwata, shi ne fitar da turmin mahaifiyata daga gida.

A Fadaman Mada muka taso. Duk ranar da Inna za ta yi fura, mu yara ba ma nisa. Idan ta surfe gero ta wanke, ta zuba citta da kanumfari ta kama daka, sai mu kewaye turmin. Kafin ta kwashe garin takan rage kaɗan a ciki, ta yayyafa ruwa, ta sa ɗan sukari ta kirɓa, ta cura mana gumba. Kowa dunƙule ɗaya a tafin hannu. Wanda ya yi sa'a shi ake ba taɓarya ya lashe bakinta. Har yau ban ci abin da ya kai wannan daɗi ba. Jikokina kuwa leda suka sani, su yage da haƙori, su zazzage a kofi, shi ke nan.

Ina da ƙanwa da ƙyanda ta ɗauke tana ƙarama. Inna ba ta taɓa daina cura nata dunƙulen ba. Takan ajiye shi a gefen faifai, daga baya kaji su cinye.

Da tsufa ya kama ta, kafaɗa ta soma ciwo, sai na hana ta daka, na riƙa sayo mata gari na leda. A ganina gata nake yi mata. Da na tashi yi wa tsakar gida siminti, turmin ya tare wa magina wuri, na ɗauka na ba wata mai abincin sayarwa. Ranar Inna ta tafi Inkil ta'aziyya.

Da ta dawo ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin.

"Kai, ina turmina?" Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Inna, ai kin huta. Ga gari nan a leda."

"To ita kuma a ina za ta tsaya?"

Ban tambaye ta wa take nufi ba.

Daga nan kullum bayan azahar sai ta jawo tabarma ta zauna tana fuskantar inda turmin yake a da. Kaji su taru a daidai wurin suna tsattsagar siminti, alhali babu ko ƙwaya. Matata ta share, ta wanke, gobe su dawo.

Wata rana na shigo da rana tsaka, gidan tsit. Na tarar da Inna ta sunkuya, ta miƙa hannu daidai tsayin ƙaramin yaro, tafin a buɗe ba komai.

"Yi haƙuri, 'yar nan," ta ce a hankali, "yau ma babu."

Kajin duk sun ɗaga kai suna kallon gefe guda.

Inna ta daina shan fura, abinci ma sai an yi da gaske. Na koma wajen mai abincin nan, ta ce turmin ya tsage, ta faskare shi ta hura wuta. Na sayo sabo na kawo. Inna ta shafa cikinsa, ta shinshina, ta ture shi.

"Bar shi," ta ce. "Ta daina zuwa."

Ba ta kai damina ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Ban san abin da take gani ba, ba ni da ilimin faɗa. Na dai san ni na raba ta da shi. Idan kuna da tsohuwa a gida, don Allah kada ku taɓa kayanta sai kun tambaye ta, ko da a idonku tarkace ne.