Fim ɗin da Ya Rufe Bakin Motar Moshi

Shekara goma sha huɗu Nsiande Makundi ta yi tana kwandasta a babbar motar da ke tashi daga birnin Dar ta bi ta Moshi zuwa Arusha, kuma har yau ban ji wanda ya ce ya taɓa ganinta a zaune ba. Tana da kujera, 'yar ƙarama a bakin ƙofa, amma kullum jakar wani ce a kai. Ita tana can tsakanin kujeru, ta je baya ta dawo gaba, ta duba tikitin da ta riga ta duba, ta gyara labulen da babu abin da ya same shi. Ko shayi a tsaye take sha. Direbanta, Baba Shomari, mutumin Tanga mai sanyin hali, ya sha gaya mata cewa kallonta kawai a madubi jiri yake sa shi.

Abin da take ji da shi a motar nan shi ne talabijin ɗin da ke rataye a bayan kan direba. Ba mai taɓa rimot sai ita, shi ya sa Baba Shomari ke kiranta Uwar Rimot. Ta kuwa san aikinta. Da asuba waƙoƙin coci a hankali, mutane su ƙarasa barcinsu. In an wuce Chalinze rana ta fara cizo, sai na barkwanci. Bayan an ci abinci a Mombo duk abin da ta saka daidai ne, don rabin motar ta riga ta kwanta. Wata goma sha ɗaya lafiya lau take da kowa. Disamba ce ke ba ta wahala.

Mu mutanen gindin dutsen Kilimanjaro, in shekara ta zo ƙarshe gida muke zuwa a ƙirga mu. Ko kanti uku gare ka a kasuwar Kariakoo da ke Dar, ka rufe ka hau dutse, tsohonka ya gan ka ya san kana nan. Motar Nsiande na cikin masu kwashe mu. Ita kuwa shekara bakwai ke nan ba a ƙirga ta ba. Sau huɗu a mako take wuce Himo, inda hanyar ƙauyensu ta rabu ta hau sama, kuma duk sa'ad da suka iso nan sai ta dukufa kan takardar sunayen fasinja kamar yau ta fara ganinta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mahaifiyarta ta kwanta ciwo a wata Disamba, aka aiko mata, ta ce bari cunkoso ya lafa, ofis ba ya ba da hutu a irin wannan lokaci. Kafin ya lafa tsohuwa ta cika. A wurin jana'iza mahaifinta, Mzee Elinaja, ya dube ta a gaban dangi ya ce, "Mai kai 'ya'yan mutane gida, yau kin samu hanya?" Ba ta ko kwana ba. Zuciya gare ta irin tasa sak, ga kunya ta zo ta haɗu da fushi, shi ke nan ba wanda ya sake neman wani.

To bana, ana saura kwana uku Kirsimeti, yayanta Elibariki ya turo mata saƙo a waya. "Baba ya yi rauni sosai. Ban ce ki zo ba, na dai gaya miki." Ta karanta ya fi sau ashirin, ba ta amsa ba. Ranar jajibiri ta tashi da abu ɗaya yana cinta: ƙarfe huɗu na yamma za su wuce Himo, ta sauka ko kar ta sauka.

Ta yi iya ƙoƙarinta ta ji Kirsimeti a jikinta kamar kowa. Ofis sun raba jajayen huluna, ta ɗora tata, zufa na bin kunnuwanta. Ta zagaye talabijin da ƙyalƙyali, ta cire, ta sake ɗaurawa. A banza. Mota ta cika maƙil, buhunan shinkafa, jarkokin mai, kujerun roba, har da wani da ya rantse firijinsa ƙaramar jaka ce. Kowa na waya yana cewa ga shi nan tafe. Ita kaɗai ce ba ta da wanda za ta gaya wa.

Da suka wuce Chalinze ta saka memorin da ofis suka ba ta, wai fim ɗin Kirsimeti. Turawa ne cikin rigunan sanyi, ƙanƙara na zuba musu, wata mata ta bar aikin birni ta koma ƙauye tana gasa burodi, wani mai gemu yana ta kallonta ya kasa magana.

A kujera ta uku akwai Tarimo, dillalin kayan mota, mai tumbi da murya. Shi ya fara.

"Ƙanwata, mu muna dahuwa a nan kin kawo mana masu rawar ɗari? Gori kike mana?"

"Fim ɗin Kirsimeti ne, yaya. Ofis suka bayar."

"Ina Kirsimetin? Rabin awa ke nan ina kallo, ko kaza ban ga an yanka ba!"

Mota ta kwashe da dariya. Wata mata mai littafin waƙoƙi a cinya ta ce ita abin da ya dame ta ba ta ga Yesu ba, ba ta ga komin dabbobi ba, to bikin wa ake yi? Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce a saka na faɗa, ai shi ya san wani wanda a ranar Kirsimeti ake dambatawa tun farko har ƙarshe, kuma akwai itacen ado a lungu. Matar ta ce Allah ya shirye shi. Ya ce amin, amma a saka.

"Baba Shomari, kai me ka gani?" in ji Tarimo.

"Ni ba Kirista ba ne," in ji direba, idonsa na kan titi. "Amma a ganina fim ɗin Kirsimeti shi ne duk wanda zai rufe maka baki."

Sau uku Nsiande tana canzawa. Ta saka na haihuwar Yesu, samari suka yi tsaki. Ta saka na faɗa, iyaye mata suka rufe idon 'ya'yansu suna Allah wadai. Ta mayar da masu ƙanƙara, Tarimo ya ce a tsaya ya sauka ya ƙarasa a ƙafa. Ko abincin Mombo bai kwantar da su ba, don wanda ya doshi gida ba ya barci. Ita kuwa duk kilomitar da suka ci sai ta duba agogo.

Wajen garin Same haƙurinta ya ƙare. "Kai, ku ishe ni haka nan!" Ta cusa hannu a aljihu ta zaro wani memori, ta soka shi ba tare da ta duba ba. Daidai nan wata uwa ta ƙwala kira daga kujerar ƙarshe, 'yarta na amai. Nsiande ta fizgi leda da tsumma ta ruga.

Tana durƙushe tana goge ƙasa ta ji motar ta yi tsit. Sai wata murya ta fito daga lasifika.

"Elibariki, ajiye abin nan ka zo ka kama mini tukunya!"

Ta ɗago kai. Muryar mahaifiyarta ce. Memorinta ne na kanta ta saka, wanda ke ɗauke da hoton bidiyon da yayanta ya ɗauka a Kirsimetin ƙarshe da tsohuwa ta gani. Shekara bakwai yana yawo a aljihunta, ba ta taɓa iya kallonsa ba, ba ta kuma iya ajiye shi a gida ba.

Ta taso a guje za ta kashe, Tarimo ya gitta hannu ya tare hanya.

"Ki taɓa shi mu ɓata."

"Ba fim ba ne, kuskure na yi."

"Bar mana kuskuren."

Ba wani abin a zo a gani ba ne, wallahi. Hoton na rawa, wani lokaci ƙafafu kawai ake gani. Tsakar gida ce a cikin ayaba, hayaƙi na tashi, an rataye akuya maza na gardamar wanda ya iya fiɗa. Mata na ɓare ɗanyar ayaba hannuwansu sun yi baƙi. Ana miƙa ƙwaryar giyar ayaba daga hannu zuwa hannu. Kowane ɗan lokaci sai a ji guɗa, wani ya ɓullo ta ƙofa da jaka a kafaɗa, a rufe shi da runguma. A bakin ƙofar kuwa wani dattijo ne a kan kujera, yana nuna duk wanda ya shigo da sanda yana kiran sunansa.

"Wannan ayabar ta ƙauyen Mamba ce, na rantse!" in ji wani.

"Dubi yadda yake riƙe wuƙa, ɗan birni ne wannan."

Mai littafin waƙoƙi ba ta sake tambayar Yesu ba, don can a cikin hoton mata sun ɗauki waƙar haihuwa suna ɓarar ayaba, ita ma ta bi su ƙasa-ƙasa. Mai son na faɗa ya miƙe tsaye don ya gani da kyau. Tarimo ya zaro hankici yana share ido, wai zufa.

"Yauwa, ga fim," ya ce. "Mutum ya iso, a ce ya rame, a zuba masa abinci. Me kuma ake nema?"

Sai ga wata ta shigo ƙofar cikin hoton da sauri, sanye da rigar kamfanin nan tasu. Dattijon ya ɗaga sanda yana dariya, "Nsiande! Huɗu ke nan." Tsohuwa ta saki muciya ta kamo ta, ta danna ta a kan turmi tana cewa, "Zauna mana, ke ba kya zama ne?"

Kawunan motar gaba ɗaya suka juyo. Nsiande na tsaye a tsakiya da tsumman amai a hannu da jar hula a ka, ta rasa inda za ta sa fuskarta. Kunya ta kama ta, kewa ta taso mata.

"Zo nan, 'yar Elinaja."

Wata tsohuwa ce a jikin taga, sunanta Mama Aikande. Ashe daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu take, coci ɗaya suke zuwa da mahaifinta.

"Tun Dar nake kallonki ina cewa na san wannan goshin. Kin san ubanki ba ya gani yanzu?"

"Ban sani ba, Mama."

"Ina za ki sani? Da hannu yake ƙirga. Ya shafa kan Elibariki, ya shafa na biyu, ya shafa na uku, sai ya tsaya ya tambayi ƙarfe nawa. In an ce biyar ta wuce, ya ce to motar Dar ta wuce ke nan, a ci gaba. Kowace shekara haka. Ku biyu duk taurin kai ya kashe ku, amma shi ba shi da ƙafar saukowa. Ke mene ne uzurinki?"

Nsiande ta juya. Ta tafi gaba, ta dawo baya, ta ɗaure bakin ledar, ta buɗe taga ta rufe. Suka wuce Mwanga. Ta je ta tsaya a kan direba tana murza takardar sunaye har ta yamutse.

"Uwar Rimot, kina tare mini madubi."

"Baba Shomari, in na sauka wa zai sallami mutanen Moshi da Arusha? Yau fa jajibiri. Ofis za su kore ni."

"Za su iya," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in sun tambaye ni, ni titi nake kallo."

Tarimo ya miƙo hannu ya zare takardar. "Kawo nan. Ni sai Arusha zan sauka. Mutumin da ke juya kanti uku zai kasa karanta sunaye?"

"Ba a yin haka, yaya."

"Yau an yi."

Huɗu da kwata motar ta tsaya a Himo. Mutum goma sha ɗaya suka sauka, ita ta fito musu da kayansu ɗaya bayan ɗaya, ta rufe ma'ajiyar kaya, ta sa ƙafa ɗaya a kan matakala. Baba Shomari bai dube ta ba. Ya danna abin rufe ƙofa a hankali, har sai da ta janye ƙafar. Mota ta ja ta bar ta a bakin titi ba ko jaka.

A kan acaɓa sau biyu tana cewa ɗan acaɓan ya tsaya, sau biyu tana cewa ya ci gaba. Iska ta yi sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin itace ya tarye ta. Da suka iso shingen gidan ta tsinki wani ganye da muke kira isale ta ƙulla shi. A wurinmu wanda ya miƙa maka wannan ganye gafara yake roƙo, kuma ba a mayar da shi hannu wofi.

Mahaifinta yana nan a bakin ƙofa, ya ƙanƙance cikin babban kwat. Mutanen tsakar gidan duk suka juyo da aka gan ta. Elibariki ya buɗe baki, ta girgiza masa kai. Ta durƙusa a gaban tsohon ta sa masa ganyen a tafin hannu.

Ya laluba ƙullin da yatsunsa. Sannan ya miƙa ɗaya hannun ya sami kanta, ya ture jar hular, ya shafa goshinta ya daɗe.

"Motar ta makara yau," ya ce.

"Cunkoso, Baba."

Ya kamo hannunta ya buɗe, ya mayar da ganyen a ciki, ya dunƙule mata yatsu a kai da nasa hannuwan biyu.

"Ba ke za ki ba ni wannan ba. Ni na yi maganar, ni zan ba ki. Karɓi, 'yata, don Allah."

Ta karɓa, ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka.