Kalmar "Ud" da Ta Kusa Kifar da Mu a Tekun Dubai

Daga Al Ras

Na baro masaukina na unguwar Al Ras da ke Dubai kafin kiran assalatu, a cikin sanyin Fabrairun 2018. Bitrus yana jirana a bakin titi da tasi. Mutumin Kafanchan ne, mai haɗa wayoyin lantarki a jiragen ruwa, kuma shi ke gyara mini waya duk zuwan da na yi. Wani Balarabe mai suna Khalifa ya ba shi aikin ɗora na'urar auna iska a jirginsa, ranar za a fita gwaji. Larabcin Bitrus bai wuce "yalla" da "khalas" da 'yan kalmomin aiki ba, shi ya sa ya roƙe ni in yi musu tafinta. Na ce masa ban iya ruwa ba. Ya ce ai zama kawai zan yi kamar a falo.

Tashar jirage

Mun isa da sauran duhu. Na yi sallah a kan dakali, aka ɗaura mini rigar ruwa mai hana nutsewa a kan jallabiya. A baya na hau kwalekwale a tafkin Chadi, na ƙetare daga Port Sudan zuwa Jidda, amma ban taɓa shiga irin wannan ba. Ginshiƙai biyu gare shi da ake ɗaura ƙyallen da iska ke turawa: na gaba dogo, na farin ƙarfe, na baya gajere, na tsohon katako. Na'urar kuwa 'yan kofuna uku ne masu juyawa da wata kibiya, suna aiko da lamba zuwa wani ƙaramin allo a gaban matuƙi.

Khalifa bai daɗe da sayen jirgin ba. Ya zauna ƙarƙashin rumfar matuƙi, ya gaya mini dokarsa: idan allo ya kai ashirin, a rage ƙyalle.

A kan teku

Da hantsi gine-ginen Dubai sun koma kamar tsinken ashana. Muka sha shayi da dabino. Daga nan iskar arewa maso yamma, wadda suke kira shamal, ta fara tasowa. Jirgi ya kwanta gefe guda, kofin shayina ya gangara ya faɗa ruwa. Na leƙa allo: sha biyu, sha ɗaya, sha huɗu, kibiyar cikinsa tana rawa kamar mai maye. Khalifa ya ce in kwantar da hankalina, da saura.

Hankalina bai kwanta ba. Igiyoyi suna kuka, ruwa ya fara haurowa ta gefen da ya kwanta yana wanke mana ƙafafu. Na riƙe wani ƙarfe har yatsuna suka mutu. Na dubi Bitrus, na ga leɓensa na motsi, shi da addu'arsa ni da tawa. Na tuna ban gaya wa kowa a Kano cewa zan hau teku ba.

Wata guguwa ta buge mu, rumfar ta yage. A nan ne Khalifa ya ɗaga kai ya dubi ƙolin dogon ginshiƙi, bai ga komai ba. Ya juya baya ya hango kofunan na'urar a kan gajeren, ɓoye a bayan babban ƙyalle, inda iska ke isowa a karye. Fuskarsa ta canza. Ya ce in tambayi Bitrus wa ya sa shi ya ɗora a can.

"Baba, shi ya ce," in ji Bitrus. "Ya aiko saƙon murya, ya ce dagal al-ud. Dagal na san ginshiƙi ne. Na tambayi masu turare a kasuwar Murshid, suka ce ud itace ne. Ga na itace nan."

Masu turare ba su yi ƙarya ba. Duk Bahaushen da ke kasuwanci a unguwar Deira ya san ud, itacen ƙamshin da muke saya. Amma a bakin mutanen gaɓar nan, ud yana nufin babba. Babban ginshiƙi mutumin yake nufi. Na faɗa wa kowannensu da harshensa, a gajarce, domin ruwa ya riga ya kai idon sawu.

Khalifa bai tsaya faɗa ba. Ya juya hancin jirgi ya fuskanci iska, ya tayar da inji, ya damƙa mini sitiyari ya ce kada in bari ya motsa. Su biyu suka rarrafa gaba suna jan ƙyalle yana marinsu. Sau ɗaya igiyar ruwa ta rufe Bitrus ɗungum, na daina ganinsa. Da ta janye sai ga shi rungume da gindin dogon ginshiƙin. Ban san na iya salati da ƙarfi haka ba.

Komowa

Da inji muka lallaɓo, allo yana ta nuna sha ukunsa har muka shiga tasha bayan la'asar. Bitrus ya tsaya yana jiran a sallame shi. Khalifa ya daɗe yana matse rawaninsa, sannan ya nuna dogon ginshiƙi, ya nuna furfurata, ya ce, "Ud. Ud." Bitrus ya ce ya gane.

Washegari da iska ta kwanta aka ja shi da igiya zuwa ƙolin, ya mayar da na'urar inda ba abin da ke tare ta. Ni ina ƙasa, a kan dakali, ba wanda ya isa ya sake sa ni a jirgin.

Na sauka Kano bayan mako guda, na tarar da iyali lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya fito da mu uku a raye. Uwargida ta buɗe tsaraba ta ga turaren ud, ta tambaya ko mai kyau ne. Na ce mata babba ne.